Shimfiɗar kejin ɓeran masar: wacce ce ba ta wahalar sharewa?

Maman Hanifa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu kiwon ɓeran masar ku taimaka min da shawara. Muna da guda biyu, duka maza, yara ne suka matsa aka saya musu. Kejin katako ne kafinta ya yi mana, yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ina shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa in zuba garin katako a kai. Matsalar ita ce zarni. Ko yau na kwashe na zuba sabo, gobe da yamma warin ya dawo, ga garin yana watsuwa ko'ina in suna guje-guje. Maigidan ya fara maganar a bayar da su, yaran kuma sai kuka. Me kuke shimfiɗa musu wanda ba ya wahalar sharewa?

Mai Zomaye, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abu mai sauƙi. Ki sa kafinta ya cire katakon ƙasan ya buga waya mai ƙananan idanu, a sa faranti a ƙarƙashi. Kashi da fitsari duk su zube ƙasa, da safe ki jawo farantin ki zubar ki ɗauraye. Haka kejin zomayena yake, ba shimfiɗa ba wari.

Dakta, Kaduna:
Malam Mai Zomaye, ka yi haƙuri zan shiga maganarka tun kafin Hajiya ta kira kafinta. Kada a ɗora ɓeran masar a kan waya ko kaɗan. Zomo yana da gashi mai kauri a tafin ƙafarsa, shi ke tare masa kaifin waya, kuma ko shi ɗin yakan samu gyambo in ya daɗe a kai. Ɓeran masar tafinsa fata ce tsirara mai laushi, ga jiki mai nauyi a kan 'yan gajerun ƙafafu, babba yakan kai kilo 1 ko ya ɗan wuce. Waya tana cin tafin a hankali, ya yi ja, ya kumbura, ƙwayar cuta ta shiga ya zama ƙurji. In aka bari har ƙashi yake kaiwa, kuma warkar da shi aiki ne na watanni. Ban da wannan, ƙafa tana zurmawa cikin idon waya, dabbar ta firgita ta fizga ta karye. Ƙasan kejinsu dole ya zama shafaffe, da abu mai laushi kuma busasshe a kai.

Mai Zomaye, Zariya:
To Dakta, amma ai a kasuwa a kejin waya ake sayar da su.

Dakta, Kaduna:
Kwana nawa suke yi a hannun mai sayarwa? Dabbar nan tana rayuwa shekara 5 zuwa 7 in ta samu kulawa. Abin da ƙafa za ta jure na mako guda ba za ta jure shi na shekaru ba.

Baban Sadik, Kura:
Hajiya ki rabu da garin katako, ki nemi buntun shinkafa. Mu nan a bakin injin yake jibge, wani lokacin ma roƙonka za a yi ka kwashe. Ina zuba shi da kauri kamar tsawon yatsa. Kullum da safe in sa ƙaramin cokalin kwasar shara in ɗebe kusurwar da ta jiƙe, in zuba sabo a gurbin, ƙarshen mako in juye duka a bayan gida inda nake tara taki. Ba wanki, ba sabulu, ba ɓarnar ruwa. Masu kaji ma da shi suke shimfiɗa.

Anti Ladi, Jos:
Baban Sadik, buntu ba ya shan ruwa sosai fa. Fitsarin ratsa shi yake yi ya kwanta a ƙasa, sama a bushe ƙasa a jiƙe. Kuma yana da tsini. Ni bargo nake shimfiɗa musu, irin mai laushin nan da ake ɗinka rigunan sanyi da shi, wanda ake ce wa filis. A gwanjon kasuwar Katako nake saye, ke kuma Maman Hanifa ba za ki rasa a Ƙofar Wambai ba. Tun da na koma shi ban sake sharar garin katako a ɗaki ba.

Maman Hanifa, Kano:
Anti bargo kuma? Ba zai jiƙe sharkaf su kwanta a cikin fitsari ba?

Yaya Binta, Ingila:
Bari in yi bayaninsa dalla-dalla, domin a nan da yawa daga masu kiwon da shi suke amfani, kuma wanda bai san yadda ake haɗa shi ba zai gwada sau ɗaya ya ce ƙarya ne.

Shi filis zaren roba ne, ba auduga ba, saboda haka ba ya riƙe ruwa. Aikinsa ya bar fitsari ya ratsa ta cikinsa ya sauka ƙasa, samansa ya zauna a bushe. Ke nan shi kaɗai ba shimfiɗa ba ne. Hawa uku ake yi. Can ƙasa abin da ruwa ba ya ratsawa, ledar katifar yara ko ledar ɗaki. A tsakiya abin da ke tsotse ruwa, tsohon tawul ninki biyu ya isa. A sama sai filis, a ja shi ya miƙe a cusa gefunansa ƙarƙashi, ko a kama da abin maƙale shanya, don suna son kutsawa ƙarƙashinsa.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne sabon filis. Yana zuwa da wani santsi daga kamfani, in kika zuba ruwa sai ya tsaya a kai dunƙule-dunƙule. Sai an wanke shi kamar sau uku da garin sabulu marar ƙamshi, ana shanyawa tsakanin kowane wanki. Kada a sa masa ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya, shi ne yake toshe shi gaba ɗaya. Gwajinsa a zuba cokali ɗaya na ruwa bayan an ɗora shi a kan tawul. In ya nutse nan take ya shirya, in ya tsaya a sake wankewa. Na gwanjo yakan fi saurin shiryawa tunda ya sha wanki, sai dai wani an sha sa masa ruwan ƙamshin, shi ma a gwada.

Sharar kullum kuma ba makawa. Kashinsu busassun 'yan ƙwayoyi ne, a kan filis suke zama a fili, sai ki sa ɗan buroshi da abin kwasar shara safe da yamma, ba ya cin minti biyar. Tawul da filis ɗin a canza duk bayan kwana 3 ko 4 in kejin ƙarami ne. Sai kin tanadi saiti biyu ko uku, ɗaya na ciki ɗaya na kan igiya.

Ɗan Maraɗi:
Yaya Binta, Allah ya saka da alheri, amma wannan tsarin na mai injin wanki ne da famfo da ba ya ɗaukewa. Mu da muke sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, wa zai wanke tawul mai fitsarin ɓera sau biyu a mako? Uwargida ma ba za ta yarda a sa shi a bahon wankinta ba. Ni nawa a ƙasa suke. Na kewaye musu wani lungu da bulo, na zuba yashi, na rufe sama da raga saboda kyanwa da shaho. Ina tankaɗe yashin da rariya in fitar da kashin, in ya yi wata in canza. Na ji ma a ƙasarsu ta asali a dandaryar ƙasa suke yawo.

Dakta, Kaduna:
Gaskiya ne abin da ka ji. Asalinsu tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, Peru da Bolibiya da Ekwado, kuma har yau a ƙauyukan can a ɗakin girki ake sakinsu suna yawo a daɓen ƙasa. Amma ka lura da abu biyu. Na farko faɗin wuri: ɗaki guda ne, fitsarin ya watsu ƙasa ta shanye. Na biyu can sanyi ne da su, zarni ba ya tashi da sauri irin na nan. Naka lungun yana aiki ne saboda faɗinsa, ba saboda yashin ba. In Hajiya ta zuba yashi a ƙaramin kejin katako, nauyi zai yi, ya riƙe danshi, ya manne musu a ciki da ƙafa. Kuma ko kai ina ba ka shawara ka baza busasshiyar ciyawa a kan yashin inda suke kwanciya, domin yashi tsagwaronsa yana goge tafin ƙafa, kuma kada ka zuba musu ganye a kansa kai tsaye su riƙa haɗiye shi.

Ɗan Maraɗi:
Ciyawa tana nan a kai Dakta, ganye kuma a tasa nake ba su.

Anti Ladi, Jos:
Maganar ruwa gaskiya ce, ban musa ba. Amma wankin bai kai yadda kake zato ba. Ni ma da hannu nake yi. Sirrin shi ne a kakkaɓe shi sosai kafin ya taɓa ruwa. In ciyawa da gashi suka jiƙe a jikin filis, cire su azaba ne. Ina rataye shi a igiya in buga, in bi shi da buroshi, sannan in jiƙa a ruwan zafi da ɗan garin sabulu. Bokiti ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraya, a na ɗaurayar in zuba ɗan ruwan khal. Bokitinsu daban na ware, ba ya haɗuwa da kayan gida, kuma ina wanke hannu da sabulu bayan na gama. Filis kafin ki juya ya bushe, tawul ne mai jan lokaci.

Baban Sadik, Kura:
Anti ke kina Jos. Ki zo Kano a watan Afrilu ki shimfiɗa wa dabba bargo ki gani. Zafi kaɗai zai kashe su.

Yaya Binta, Ingila:
A ƙarƙashinsu yake ba lulluɓa musu ake yi ba, amma ba zan yi gardama kan zafin Kano ba, na san shi.

Dakta, Kaduna:
Wannan batun na Baban Sadik ya fi na warin muhimmanci, ku bari in ɗan tsaya a kansa. Ɓeran masar ba ya gumi, kuma ba shi da hanyar kirki ta fitar da zafi daga jikinsa. Yanayin da ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 ne zuwa 24. Da an haura 28 zuwa 30 an shiga haɗari, mu kuwa a bazara 40 muke gani. Alamar zafi ya kama shi: ya miƙe a ƙasa ba ƙarfi, numfashi sama-sama, miyau yana dalala. Daga nan zuwa mutuwa ba nisa.

Saboda haka a bazara kowace shimfiɗa kika zaɓa, ki bar musu wuri mai sanyi. Tayil guda ɗaya ko biyu na daɓen ɗaki a kusurwar keji, za ki ga sun baje a kai, kuma gogewa ɗaya ya fita tas. In akwai wuta a daskarar da ruwa a gorar roba, a naɗe da tsumma a ajiye musu. In babu, a ajiye kejin kusa da randa, ko a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefen da iska ke shigowa ba tare da ya ɗiga a ciki ba. Hajiya, rumfar taki ta kwano ce?

Maman Hanifa, Kano:
Ta kwano ce Dakta, amma rana ba ta taɓa su.

Dakta, Kaduna:
Ko rana ba ta taɓa su hucin kwano yana sauka. Da azahar ki sa hannu a cikin kejin ki ji. In da hali su wuni a ɗaki mai sili ko zaure mai iska har la'asar. Sannan ina da tambaya kan warin. Ƙasan kejin wane irin katako ne, kuma girmansa nawa?

Maman Hanifa, Kano:
Falanki ne, ba fenti. Na sa Hanifa ta auna da tef ɗin ɗinki yanzu, tsawo santimita 70, faɗi 45.

Anti Ladi, Jos:
To ga warinki nan Maman Hanifa. Ba a garin katakon yake ba, a falankin yake. Jarida ba ta tare fitsari, ya daɗe yana ratsawa yana shiga katakon. Ko zinariya kika shimfiɗa a kai, da zafi ya bugo zarnin zai taso. Ki kwashe komai ki sunsuna falankin kawai.

Maman Hanifa, Kano:
Wallahi Anti haka ne. Na duba, kusurwoyin sun yi baƙi, har wani fari-fari ya daskare a kai kamar kanwa.

Dakta, Kaduna:
Farin nan kalsiyam ne, ta fitsari suke fitar da wanda ya yi musu yawa, shi ya sa fitsarinsu yake da kauri-kauri fari. A kan roba ko tayil ruwan khal yana narkar da shi: rabi khal rabi ruwa, a zuba a bar shi 'yan mintuna a goge. Ruwan lemon tsami ma yana yi. Amma katakon da ya riga ya sha ba ya wankuwa, sai dai a cire. Zarnin da ke damun maigida iskar amoniya ce, ku kuna jin ta ne daga tsaye, su kuwa hancinsu a kanta yake dare da rana, kuma huhunsu ba shi da juriya. Da yawa daga masu atishawa da majina da ake kawo mana, in ka bincika daga shimfiɗa ne.

Kejin kuma ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga maza biyu.

Yaya Binta, Ingila:
A nan mafi ƙarancin abin da masu kula da dabbobi suke faɗa wa guda biyu shi ne santimita 120 da 60, kuma ga maza an fi son ya wuce haka don kada su riƙa faɗa. Mutane suna zaton babban keji ya fi wahalar shara, alhali akasin haka ne. A ƙarami ko'ina banɗaki ne. A babba suna zaɓar kusurwoyi, sauran wurin ya zauna a bushe. Don ƙasan kuma muna amfani da kwalin roba, irin wanda ake buga allon talla da shi. Ana tsaga shi iya rabin kaurinsa ba a yanke ba, a naɗe gefunan su tashi kamar taƙi guda, ya zama faranti. Ki tambayi masu buga allon talla. In ba a samu ba ledar ɗaki mai kauri ta isa, a naɗo ta ta hau bango, a ɓoye bakinta da siririn katako don kada su ci.

Mai Zomaye, Zariya:
Na karɓi gyara kan waya. Amma ina so a yi wa katako adalci, don ana ta magana kamar duk ɗaya ne. Akwai garin da zarto ke fitarwa, mai laushi kamar fulawa, akwai kuma manyan sassaƙe masu naɗewa da injin goge katako ke fitarwa. Na biyun ba shi da ƙura sosai, yana shan ruwa fiye da buntu nesa ba kusa ba, kuma ba a wanke shi. Da shi nake shimfiɗa wa zomanya in za ta haihu.

Dakta, Kaduna:
Wannan rarrabewar daidai ce, kuma garin zarto shi ne mafi muni a duk abin da aka ambata, Hajiya ki daina shi yau. Sassaƙe yana da kyau da sharaɗi. A ƙasashen waje likitocin dabbobi suna hana amfani da na itacen sida (cedar) saboda man da ke ba shi ƙamshi yana cutar da huhu da hanta, na itacen fayin (pine) ma sai wanda aka busar a tanda. Mu tamu matsalar daban ce: abin da ake sharewa a wurin masu katako gauraye ne. Akwai itace iri-iri, akwai falanki da allon garin katako masu gam, akwai wanda aka shafa wa maganin gara. Kada a karɓi na shara. A je wurin mai injin a lokacin da yake goge farin katako ɗanye marar magani, a tara kai tsaye a buhu. A sunsuna, in yana da ƙamshi mai ƙarfi ko warin magani a bar shi. A baza a rana ya bushe, a sheƙe ƙurar da faifai.

Baban Sadik, Kura:
To ni dai har yanzu ban ji abin da zai raba ni da buntu ba. Nawa lafiyarsu ƙalau, suna haihuwa.

Anti Ladi, Jos:
Ba su taɓa ciwon ido ba?

Baban Sadik, Kura:
Wani lokaci ɗaya yakan tashi da ido a rufe yana hawaye, in wanke masa da ruwa ya wuce.

Dakta, Kaduna:
Ba lallai buntun ba ne, tsinken ciyawa ma yana soke musu ido, amma yana cikin waɗanda ake zargi. In ido ya yi fari-fari kada a tsaya wanki, a kai a duba, don gyambon ido yana ci da sauri. Ban ce ka bar buntu ba Baban Sadik. Abin da zan ce, a samu na babban injin da ke fitar da ɓawon zalla. Ƙananan injinan nan suna niƙe ɓawon tare da dusa, wannan ƙura ce, yana kiran tururuwa da ɓerayen gida, in ya jiƙe kuma nan da nan ya yi fumfuna. A tankaɗe, a sa kwali ko jarida mai kauri a ƙarƙashi tunda ba ya tsotsa. Masu maza kuma su riƙa duba ƙasan cikinsu, buntu da sassaƙe suna maƙalewa a al'aurarsu da duburarsu saboda suna jan gindi a ƙasa suna sa alama.

Amarya, Sakkwato:
Ina bibiya a ɓoye. Don Allah ɓawon gyaɗa fa? Da kuma yashin kyanwa da ake sayarwa a manyan kantuna?

Dakta, Kaduna:
Yashin kyanwa a'a, musamman mai dunƙulewa in ya jiƙe. Suna ɗanɗana duk abin da ke ƙarƙashinsu, zai dunƙule a hanji. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara suna saurin fumfuna kuma za su ci, a bar su.

Yaya Binta, Ingila:
Ni ina ganin ana ta jayayya kamar dole a zaɓi ɗaya. Ba dole ba ne. Duk mai ɓeran masar ya san inda suke cin ciyawa nan suke yawancin kashi da fitsari, suna ci suna yi. To a raba kejin biyu. Gefe ɗaya a sa farantin roba mai ɗan zurfi, wanda za su iya hawa ba wahala, a sa jarida da sassaƙe ko buntu a ciki, a tula ciyawa a kai, gorar ruwa ma ta rataya a nan. Wannan shi ake juyewa kullum ko bayan kwana biyu. Ɗaya gefen a shimfiɗa filis da ɗakin ɓuyansu. Ciyawa ba ta hau bargon ba, fitsarin da ke sauka a kai kaɗan ne, wanki ya ragu sosai. A ƙarƙashin ɗakin ɓuyan a ƙara ɗan ƙyalle kamar girman hankici biyu, don nan ne wuri na biyu da suke jiƙawa, shi kaɗai za a riƙa canzawa kullum.

Ɗan Maraɗi:
Yauwa, wannan ya fi kama hankali. Ƙaramin ƙyalle ko da buta ɗaya an wanke.

Anti Ladi, Jos:
Kuma akwai amfanin ƙyalle da ba a faɗa ba: kina ganin abin da ke fita daga jikinsu. A cikin buntu ba za ki san kashi ya ragu ko fitsari ya canza ba. Ki zaɓi mai haske, ba baƙi ko ja ba. Tawul kuma kada ya leƙo waje, suna jan zarensa, yana naɗe musu yatsa ko su haɗiye.

Dakta, Kaduna:
Anti ta taɓo abu babba. Fitsarin da ya bushe ya bar farin gari mai laushi ba komai. In kin murza kin ji tsakuwa-tsakuwa, kalsiyam ya yi yawa a abinci. In akwai jini, ko yana ƙara lokacin fitsari, ana zargin tsakuwar mafitsara. Wannan ya kawo ni kan ciyawar da za a tula a farantin. Mu nan da an ce busasshen abincin dabba sai a kawo harawar wake ko ta gyaɗa. Harawa tana da kalsiyam da yawa, ta dace da mai ciki da mai shayarwa da ƙanana, amma manyan maza a ba su kaɗan. Abincinsu na yau da kullum ciyawa ce zalla, irin su kiri-kiri da harkiya, kuma kada ta yanke musu, don haƙoransu ba sa daina tsiro, taunar ce ke rage su. In an sayo ingirici a tsince ƙarangiya tas kafin a zuba, tana maƙale musu a gashi da baki. Wadda ta yi warin ruma a zubar. Ganye ɗanye kuma kullum, saboda jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa.

Maman Hanifa, Kano:
Dakta ɗayan yana ɗan atishawa kwana biyun nan. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso ɗin Ampiclox in sa musu a ruwa kamar yadda take yi wa kaji.

Dakta, Kaduna:
Kada ki kuskura Hajiya. Duk dangin fenisilin, Ampiclox da amoksisilin da sauransu, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar musu da abinci a hanji, gudawa ta biyo baya su mutu cikin 'yan kwanaki. Ki cire garin katakon ki ga ko atishawar za ta tsaya. In akwai majina, ko numfashi yana ƙara, ko ya ƙi cin abinci ko da na yini ɗaya ne, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, a faɗa wa likitan ɓeran masar ne.

Amarya, Sakkwato:
Wajen wanke kejin fa, a sa Izal?

Dakta, Kaduna:
A'a, yana da ƙarfi ga hancinsu kuma suna lasar wuri. Sabulu da ruwa, sai khal. In an yi ciwo a kejin, kamar makero, a sa ɗan bilic a ruwa mai yawa, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya fita. Kada a taɓa haɗa bilic da khal, kuma a wanke fitsarin tukuna kafin a sa bilic, haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba. Turaren wuta da maganin sauro na feshi ma a nisanta da su.

Mai Zomaye, Zariya:
Ƙari ɗaya tunda maza ne. Ranar babban wanki ki bar ɗan tsohon sassaƙe busasshe ki mayar a kusurwa. In suka shiga suka ji ba warinsu ko kaɗan, sai su hau sa alama da rigima da juna.

Maman Hanifa, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwashe garin, yau a kan kwali da tsohon zanin gado za su kwana. Gobe kafinta zai zo, zan ce ya yi 120 da 60 ko ya fi, da ledar ɗaki a ƙasa. Zan gwada rabin-rabin Yaya Binta, sassaƙe a faranti, sai tayil saboda zafi. Abin da nake tunani damina, in tawul ya ƙi bushewa.

Anti Ladi, Jos:
Mu da muke shan ruwan Agusta a Jos saiti uku nake ajiyewa, kuma ina amfani da siraran tawul guda biyu maimakon mai kauri ɗaya, sun fi saurin bushewa. Kada ki shimfiɗa mai danshi ko kaɗan. In duk sun ƙi bushewa ki zuba sassaƙe a kejin gaba ɗaya na kwana biyu.

Dakta, Kaduna:
Kuma a damina a riƙa ɗaga su ana duba gindinsu kullum. Ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, cikin yini guda tsutsa ta ƙyanƙyashe. Masu dogon gashi a rage musu na baya da almakashi, a rufe kejin da ragar sauro.

Baban Sadik, Kura:
Hajiya in sassaƙen ya yi wuyar samu ki gwada buntu a farantin. Ki ce na babban inji kike so, ki tankaɗe kamar yadda Dakta ya ce. Nima zan sa kwali a ƙarƙashin nawa in gani.